Darasi na Bakwai: Fasfo da Sauran Takardun Fita Waje

Fasfo ɗan ƙaramin littafi ne da gwamnati ke ba ɗan ƙasarta, domin a san ko shi wane ne idan ya ƙetare iyaka. A Najeriya Hukumar Shige da Fice ce kaɗai ke bayar da shi. Sauran masu cewa za su yi maka fasfo duk 'yan tsakani ne.

Launin bangonsa shi ke fara nuna irinsa. Kore shi ne na kowa da kowa: ɗan kasuwa, ɗalibi, maniyyaci, marar lafiya mai neman magani. Shuɗi na ma'aikatan gwamnati ne da aka tura aiki waje. Ja kuwa na jakadu ne da wasu manyan masu muƙami. Namu a wannan aji shi ne koren.

A jikin bangon akwai tambarin Najeriya, mai gaggafa da fararen dawaki biyu, da sunan ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Can ƙasa kuma akwai wata 'yar alama mai kusurwa huɗu da da'ira a tsakiyarta. Ita ke nuna cewa an saka ƙwayar lantarki a cikin fasfon, wadda ke ɗauke da hotonka da bayananka. Tun 2007 Najeriya ta koma irin wannan. Saboda haka ba a lanƙwasa shi, ba a zama a kansa cikin aljihun baya, ba a barin ruwa ya taɓa shi. Wanda ake bayarwa yanzu akwai mai shafi 32 na shekara biyar, akwai kuma mai shafi 64 da kan kai shekara goma. Mai yawan zirga-zirga babban ya fi masa, don kowace shiga da fita sai an buga hatimi, shafuka kuwa ƙarewa suke yi.

Shafin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne mai hoto. Nan ne karatun da muke koyo zai yi mana rana. Inda aka rubuta Surname, sunan mahaifi ne ko na iyali. Given names shi ne sunanka na yanka. Date of birth ranar haihuwa ce. Date of expiry kuma ranar da fasfon zai daina aiki. Lambar fasfo tana sama, harafi ɗaya ne da lambobi takwas. A ƙasan shafin akwai layi biyu masu haruffa da lambobi da alamomi kamar bakin kibiya. Na'ura ce ke karanta su.

Ranar da ka je karɓar fasfo, kada ka fita daga ofishin sai ka bi sunanka harafi-harafi. Sunayenmu suna da rubutu iri-iri: Muhammad, Mohammed, Muhammadu, Aisha, Aishatu, A'isha. A gida duk mutum ɗaya ne, amma kwamfuta ba ta san haka ba. Yadda aka rubuta a lambarka ta shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, haka zai fito a fasfo, kuma haka ya kamata ya fito a biza da tikitin jirgi. Harafi ɗaya na iya hana mutum hawa jirgi bayan ya yi sallama da dangi. Ranar ƙarewa ma a lura da ita tun da wuri, domin ƙasashe da yawa, har da Saudiyya, suna so a ce saura aƙalla wata shida fasfo ya ƙare kafin su bar mutum ya shiga.

Biza daban take. Fasfo na ƙasarka ne, biza kuwa izini ne daga ƙasar da za ka. Wata manna ta ake yi a shafin fasfo, wata kuma ta intanet take zuwa a buga ta a takarda. Kowace da dalilinta: ziyara, karatu, aiki, Umara, Hajji. Wanda ya shiga da bizar Umara ya zauna neman kuɗi ya karya doka, ko da ejan ya ce masa ba komai. Dattawa za su tuna fasfon alhazai na musamman da ake bayarwa a da. An daina; yanzu da koren ake sauke farali. Yaro ma, ko jariri ne, sai da nasa.

Zuwa Gana ko Benin ko Togo ba sai da biza ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba mu damar zaman kwana 90, kuma akwai takardar tafiya ta ECOWAS da ake iya amfani da ita a madadin fasfo. Sai dai Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, har sun fito da fasfonsu. Mai bi ta Jibiya ko Illela ko Maigatari ya tambayi jami'an iyaka abin da ake nema kafin ya ɗauki hanya.

Sai katin rigakafi mai ruwan ɗorawa, shaidar an yi maka allurar zazzaɓin shawara. Sau ɗaya ake yin ta, ta isa har tsawon rai. Maniyyata ana ƙara musu ta sanƙarau.

Idan fasfo ya ɓace a ƙasar waje, a fara sanar da 'yan sanda, sannan a tafi ofishin jakadancin Najeriya. Za su ba da takardar gaggawa, wadda aikinta kawai ta dawo da mutum gida. Hoton shafin nan mai hoto da ka ajiye a waya zai sauƙaƙa maka wannan zirga-zirga.

Aikin gida: ka samu fasfon wani a gidanku ko a maƙwabta, da izininsa. Ka nemo ranar ƙarewarsa, ka lissafa wata nawa ya rage. Sannan ka rubuta cikakken sunanka da manyan baƙaƙe, daidai yadda yake a takardarka ta NIN.