Yadda Za Ka Bi Diddigin Labarin Fatalwa Idan Ya Shigo Gidanka

Da wuya ka sami unguwa a garuruwan arewacin Kamaru irin su Garwa, Marwa ko Kusuri da ba ta da wani kango, ko wata tsohuwar tsamiya, ko lungun bayan maƙabarta da ake cewa ana gamo a wurin. Muddin labarin yana bakin majalisa, hira ce kawai. Ranar da ya shigo gidanka kuwa, wato ranar da ɗanka ko matarka ko mahaifiyarka ta tashe ka cikin dare jiki yana rawa tana cewa ta ga marigayi wane tsaye a bakin ƙofa, ya zama aiki a wuyanka, kuma yadda ka bi da shi a kwanakin farko shi zai nuna ko gidan zai sami natsuwa ko zai shiga yawon gidajen bokaye.

Kafin ka tambayi kowa komai, ka san inda kai kanka ka tsaya. A koyarwar Musulunci mamaci ba ya dawowa duniya ya yi yawo. Ayoyi na 99 da 100 na Suratul Mu'minun sun kawo roƙon wanda mutuwa ta zo masa cewa a mayar da shi, aka ce masa a'a, akwai barzahu a gabansu har ranar da za a tashe su. Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa ran wanda aka kashe yana zama tsuntsu mai kama da mujiya yana kuka a kan kabarinsa har sai an ɗauki fansa, kuma hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kore wannan imani. Samuwar aljanu magana ce daban wadda Musulmi bai musanta ba, sai dai yarda da samuwarsu ba ta wajabta maka jingina musu kowane motsi na dare. Ta fuskar binciken zamani ma, duk da yawan masu farautar fatalwa da na'urorinsu, ba a kawo wata hujja da ta tsaya da ƙafarta ba. Saboda haka tambayar da za ka yi aiki da ita ita ce: mene ne ya sa wannan mutum ya ga abin da ya gani?

Ka saurare shi har ya gama, ba tare da dariya ba kuma ba tare da salati mai tayar da hankali ba. Mafi yawan masu irin wannan labari ba ƙarya suke yi ba, sun ga wani abu ko sun ji shi, kuma wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake faɗa maka ba, wani zai je ya faɗa wa. Ka tambaye shi lokacin da abin ya faru, ko yana kwance ne ko yana tafiya, ko ya fara barci, wane haske ne a wurin, me ya ci ko ya sha a daren, kuma ko jikinsa da zafi. Idan mutum biyu ko uku ne suka ce sun gani, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kowa shi kaɗai, tun kafin gari ya waye su haɗa baki ba da niyya ba. Sau da yawa za ka tarar ɗaya ne ya ga wani abu fari, na biyu ihun na farko ya ji ya ruga, na uku kuma daga baya aka ba shi labari. Zuwa azahar dukkansu za su rantse sun ga fuskar.

Daga nan sai ka fara da abin da zai iya kisa, domin shi ne ba ya jira. Na farko hayaƙi ne, ko in ce gubar da ke fita daga gawayi da janareto, wadda likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar da muke rayuwa da ita sau fiye da 200. Lokacin hunturu, musamman a Ngaundare da ke kan tudu inda sanyin dare ke shiga ƙashi, mutane kan shigar da kaskon gawayi ɗaki su toshe taga da tsumma. A sauran garuruwa kuma tsoron ɓarayi kan sa a kwana da janareto a zaure ko a barandar da ke jikin ɗakin kwana. Wanda ya shaƙi kaɗan yakan tashi da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, wani kuma hankalinsa ya rikice har ya ji takun sawu ko ya ga mutum a tsaye. A shekarar 1921 wani likitan ido a Amurka mai suna William Wilmer ya wallafa labarin wasu iyali da suka tare a wani gida suka dinga jin motsi da ganin mutane cikin dare, daga baya aka gano murhun ɗumama gidan ne ke zubo musu wannan guba, kuma da aka gyara shi abin ya ɗauke. Alamar da za ka riƙe ita ce: idan duk masu kwana a ɗaki ɗaya suna tashi da ciwon kai, kuma suna jin sauƙi idan sun wuni a waje, to ka fitar da kaskon, ka kai janareton fili nesa da taga, ka buɗe ɗakin. Wanda aka tarar ya suma ko yana sambatu a irin wannan ɗaki, a fitar da shi iska a wuce da shi asibiti nan take, tofi ya biyo baya a hanya.

Na biyu zazzaɓi ne. Yaron da jikinsa ya yi zafi yana nuna kusurwar ɗaki yana cewa ga kakarsa nan tana kiransa, gwajin jini yake buƙata a daren. Zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa yakan zo da sambatu da fizge-fizge, ya fi yawa daga damina zuwa kaka, sanƙarau kuma yakan zo da rani tare da matsanancin ciwon kai da sandarewar wuya, kuma arewacin Kamaru da Chadi suna cikin yankin da wannan cuta ta fi addaba a Afirka. Ka kuma tambayi samari, cikin sirri ba a gaban iyayensu mata ba, ko suna shan tiramol ko wani abu makamancinsa. Ɗan acaɓar da ya kwana biyu bai runtsa ba yana aiki da ƙarfin ƙwaya zai iya ganin mace da farin mayafi a tsakiyar titi, kuma ƙwayar da kanta tana jawo farfaɗiya idan aka zarce da ita.

Idan babu hayaƙi babu zazzaɓi, kuma mutumin ya ce yana kwance ne abin ya zo ya danne masa ƙirji, ya so ya yi ihu murya ta ƙi fita, ya so ya motsa hannu ya kasa, to dannau ne, kuma bayaninsa sananne ne. A lokacin da mutum yake mafarki ƙwaƙwalwa takan saki tsokokin jiki su mutu murus don kada ya tashi ya aikata abin da yake mafarki. Wani lokaci hankali yakan farka kafin jiki ya dawo, sai mutum ya ga ɗakinsa na gaske, ga labule ga ƙofa, amma ragowar mafarkin yana nan a cikinsa, tsoro kuma ya ba shi siffar wani baƙin abu a gefen gado. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci ya wuce da kansa. Wani nazari da aka wallafa a 2011, wanda ya tattara bincike da dama, ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa fuskantarsa, a tsakanin ɗalibai kuwa ya haura 28 cikin 100. Rashin isasshen barci, damuwa da kwanciyar rigingine suna ƙara shi, shi ya sa yake yawaita lokacin jarrabawa. Ka gaya masa ya riƙa kwanciya a gefe, na dama kamar yadda sunna ta koyar, ya tsayar da lokacin barci, ya rage shayi mai ƙarfi da dare, ya yi addu'o'insa na kwanciya domin natsuwar zuciya tana cikin maganin. Idan abin ya zo, kada ya yi kokawa da shi, ya mai da hankali ga numfashinsa da motsa ɗan yatsa ɗaya.

Akwai kuma wanda ba ya buƙatar magani ko kaɗan, sai lallashi. Matar da ke cikin takaba ta ji sallamar mijinta a zaure daidai lokacin da ya saba dawowa daga masallaci, ko ta ji ƙamshin turarensa, ko ta hango shi zaune a kan buzunsa na ɗan lokaci. Wani likita a yankin Wales na Birtaniya, Dewi Rees, ya tambayi zawarawa maza da mata 293, ya wallafa a 1971 cewa kusan rabinsu sun taɓa jin kamar marigayin yana tare da su, wasu har sun gan shi ko sun ji muryarsa, kuma yawancinsu sun ce abin ya sanyaya musu rai. Zuciyar da ta shekara talatin tana jiran takun mutum ɗaya ba ta daina jira rana guda. A nan kada ka kawo dogon bayani. Ka ce mata, “Inna, kewa ce, ba wani abu ba ne, mu yi masa addu'a,” ka kuma sa wata ta riƙa kwana tare da ita. Tsofaffin da idonsu ya raunana saboda yanar ido ko wata cutar ido su ma sukan ga mutane ko dabbobi da babu su alhali hankalinsu garau yake, abin da wani masani ɗan Suwizalan, Charles Bonnet, ya bayyana tun 1760 game da kakansa. Irin wannan tsoho likitan ido za a kai shi, kuma a tabbatar masa ba hauka ba ne, domin tsoron a ce ya haukace ne ke sa ya ɓoye.

Idan abin a waje aka gan shi, sai ka je wurin da kanka, a daidai lokacin da aka ce ya faru, da tocila mai haske da mutum ɗaya mai sanyin rai. Ka tsaya inda mai labarin ya tsaya. Rufin kwano da ya sha ranar Afrilu a Marwa yakan yi ƙara idan ya fara hucewa da dare, kamar ana jifansa da tsakuwa. Farar mujiya tana kwana a kangaye da silin, kukanta kuma tsawa ce mai kama da ihun mutum. Jemagu, kyanwa, gafiya, zanen da aka manta a kan igiya, da fitilar babur da ta ratso hazo ta jefa inuwar wani a bango, duk sun isa su tsayar da gashin kai, domin idon mutum yana gaggawar haɗa fuska da kafaɗu daga kowace inuwa. Fararen ɗigo da ke fitowa a hoton waya kuwa ƙura ce da hasken kyamara ya haska a kusa da gilashinta, bidiyon da ake turawa a WhatsApp kuma ba shaida ba ne tunda ba ka san wanda ya haɗa shi ba.

Kada ka manta da ɗan Adam. Ka tambayi kanka wa zai amfana idan mutane suka daina bin wannan lungu bayan isha'i, ko idan magada suka tsorata suka sayar da gidan gado da araha. Idan ka ga alamar haka, maganar ta mai unguwa ce da jandarmomi. A jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru akwai wani dalilin kuma da ya kamata a yi hattara da shi: rikicin Boko Haram ya raba iyalai da yawa, an yi zaman makokin mutanen da ba a ga gawarsu ba. Wanda ya ce ya hango ɗan'uwansa da aka ce ya rasu a kasuwar Kusuri ko a gadar Ngeli ta shiga Injamena, a tambaya tukuna ko akwai wanda ya wanke gawar ya kai ta kabari. In babu, a bincika, ƙila mai kama da shi ne, ƙila kuma shi ne da ransa.

Zuwa wurin malami don addu'a da nasiha ba ya hana zuwa asibiti, kuma malamin kirki shi da kansa zai tura ka. Wanda za ka guje wa shi ne mai cewa a kawo baƙin bunsuru da kuɗi masu yawa, ko mai dukan marar lafiya da sunan fitar da iska, ko mai nuna wata tsohuwa a unguwa ya ce ita ce mayyar, domin wannan kalma ɗaya ta raba zumunci da yawa. Idan kuma ganin ko jin muryoyin ya ci gaba har da rana tsaka, mutumin ya daina barci, ya daina wanka, yana zargin kowa, ko muryar tana umartarsa ya cutar da kansa ko wani, to kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da wuƙa da igiya da magunguna daga ɗakinsa, a kai shi babban asibitin jiha a nemi ɓangaren masu lura da lafiyar ƙwaƙwalwa, tare da wanda ya san lokacin da abin ya fara da irin magungunan da yake sha.