Kafin ka sa hannu a kwantiragin waya a Ingila

Ɗan'uwa, in ka sauka Ingila da niyyar sana'a, ko shago ko kai kaya gida-gida, layin waya ne farkon abin da za a tallata maka. A gida mun saba da sayen kati, ya ƙare mu sake lodawa. Nan ma akwai irinsa, kuma da shi nake so ka fara: Lebara da giffgaff suna da sim na wata-wata, ba sai an binciki tarihin bashinka ba.

Kwantiragi kuwa bashi ne, ko da mai tallar bai kira shi haka ba. Za a miƙo maka sabuwar waya a kwali, ka ɗaure kanka wata 24, ana zarar kuɗin kai tsaye daga asusunka. Ka kasa biya, ya shiga tarihinka, kuma shi za a buɗe ranar da ka je neman rance ko hayar gida. Ka ce za ka fita kafin wa'adi, sai an caje ka kuɗin ragowar watannin. In ta waya ko intanet ka ƙulla, kana da kwana 14 na fasawa. Tun Janairun 2025 hukumar Ofcom mai kula da harkar sadarwa ta wajabta a faɗa maka tun farko fam nawa za a ƙara maka a tsakiyar kwantiragi. Ka tambaya, a nuna maka a rubuce.

Wurin ja wa shago intanet, lambar nan mai Mbps gudun layi take nufi, ba yawan data ba. Wadda ake bugawa da manyan baƙi ta sauke abu ce. Mai ɗora bidiyon haja kullum, gudun ɗorawa zai bincika, don sau da yawa ya yi ƙasa sosai.

Kada ka yar da lambar da kwastomomi suka san ka da ita don ka canza kamfani. Tura kalmar PAC ta saƙon tes zuwa 65075, a turo maka lambar sauya kamfani da za ka kai wa sabon kamfanin, ka tafi da layinka.

Sai ƴan alƙaluman da banki ke turowa don tabbatar da kai ne. Wallahi kada ka karanta wa kowa su, ko ya rantse daga banki yake. Katse kiran, ka buga 159 a haɗa ka da bankinka. Saƙon damfara kuma ka tura shi 7726, kyauta ne.