Kurakuran da masu shirin tashin farko da laimar shawagi suka fi yi, da hanyar gyara su

A 'yan shekarun nan bidiyon masu shawagi da laima a sararin sama ya yawaita a wayoyin matasanmu, musamman wanda ɗalibai ke turowa daga Turkiyya, inda ake tashi daga kan dutsen Babadag a sauka a bakin teku a Oludeniz, da na bikin Kwahu na ƙasar Ghana, wanda aka fara a 2005 kuma ake yi lokacin Ista. Wanda ya taso a Bauchi yana ganin dutsen Warinje, ko ya bi hanyar Jos ya wuce Zaranda, ko ya je Dass ya tsaya a gindin Mbula, ba abin mamaki ba ne idan zuciyarsa ta raya masa cewa mu ma muna da wurin tashi. Wani ɗan yayata ya same ni da wannan sha'awa, ya ce: "Kawu, na ga ana sayar da ta hannu a intanet, kuma da alama abin ba wuya, gudu ne kawai sai ka tashi." Amsar da na ba shi ce na faɗaɗa a nan, domin kusan duk kurakuran da ke jikkata sabon shiga a ƙasa ake yin su, tun ƙafa ba ta bar tudu ba.

Laimar shawagi, wadda ake kira faragilaida, fiffike ne na yadin nailan mai ruɓi biyu, wanda aka ɗinke shi aljihu-aljihu aka bar bakinsa na gaba a buɗe, ta yadda iska za ta cika shi ya ɗauki siffa. Ba shi da inji, ba shi da ƙashin ƙarfe. Siraran igiyoyi ne ke haɗa shi da kujerar ɗamara da matuƙi ke zama a ciki, sai igiyar birki ɗaya a kowane hannu. Wasu masu dirowa da laima ne suka fara wasan a 1978 a ƙauyen Mieussy na ƙasar Faransa. Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe daga wannan bayani shi ne, iskar da ke cikin fiffiken ita ce ƙashinsa, saboda haka duk abin da ya hargitsa iskar yana iya ninke shi.

Kuskuren farko shi ne sayen kaya kafin samun malami, da ɗaukar bidiyo a matsayin makaranta. Bidiyo ba ya ganin hannunka ya gyara maka, kuma ba ya ce maka yau ba ranar tashi ba ce. Gyaran shi ne a fara da tashin mutum biyu tare da matuƙi mai lasisin ɗaukar fasinja, sannan a shiga makarantar da wata ƙungiyar wasan ta ƙasa ta amince da ita, ko da hakan na nufin tara kuɗin tafiya ƙasar waje. Makaranta ce ke ba da kayan koyo, kuma malami ne zai faɗa maka abin da za ka saya daga baya. Ana jarraba fukafukai a kasa su aji huɗu, daga EN-A zuwa EN-D. Na farko shi ne mafi yafiya ga kuskure kuma shi ne na mai koyo, na ƙarshe kuwa na ƙwararru ne. Kowane fiffike yana da iyakar nauyin da aka ƙera shi dominsa, kuma lissafin ya haɗa jikinka da duk kayan da ke tare da kai. Fiffiken hannu da ba shi da takardar bincike ta kwanan nan abin gudu ne komai arharsa, domin rana tana cin nailan har ya fara zubar da iska alhali ido yana ganinsa kamar sabo, igiyoyi kuma suna sauya tsawo. Yawancin masu ƙera shi suna neman a kai shi bincike duk bayan shekara 2 ko shawagin awa 100. A ƙasarmu mai rana da ƙura, wanda ya bar shi a shimfiɗe a rana ko cikin but ɗin mota yana rage masa kwana, kuma fara idan ta maƙale a aljihunsa aka naɗe da ita, huda yadin take yi ta nemi hanyar fita.

Kuskure na biyu shi ne raina atisayen ƙasa. Kafin a hau kowane tudu, mai koyo yana shafe sa'o'i masu yawa a fili shimfiɗaɗɗe yana ɗaga fiffiken sama da kansa, yana tsayar da shi, yana gyara shi idan ya karkata, har hannunsa ya riƙa jin motsinsa ba sai ya ɗaga kai ba. Aikin yana da gajiyarwa, shi ya sa matasa ke son tsallake shi, amma wanda bai iya sarrafa fiffike da ƙafafunsa a ƙasa ba, ba zai iya ba yana lilo a sama. Ko a wannan atisayen sai an sa hular kwano da safar hannu, domin iska ɗaya mai ƙarfi ta isa ta ja mutum a ƙasa cikin ƙaya da tsakuwa.

Kuskure na uku ya fi sauran muni, kuma a kansa zan daɗe, wato auna yanayi da idon ɗan kasuwa: rana ta fito, gari ya yi haske, ke nan komai lafiya. Fiffiken mai koyo yana tafiya da gudun kusan kilomita 36 a awa a cikin iska. Idan iskar da ke fuskantarsa ta kai kilomita 25, abin da ya rage masa na ci gaba kaɗan ne, idan kuma ta ƙaru sai ya koma da baya zuwa bayan dutse. Don haka ake koyar da sababbi cikin iska mai laushi da ba ta wuce kusan kilomita 15 a awa ba, wadda take zuwa kai tsaye ta fuskar gangaren, kuma ba ta yin ƙarfi ta sassauta a kai a kai. Rashin daidaiton iska ya fi ƙarfinta haɗari.

Kowane lokaci na shekararmu yana da tarkonsa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, duwatsu da busasshiyar ƙasa suna ɗaukar zafi su riƙa tura iska mai ɗumi sama da ƙarfi, kuma ita ce shirwa ke hawa idan ka gan ta tana kewaya ba ta kaɗa fiffike. Ƙwararru suna neman wannan iska domin su yi nisa, amma gefunanta a hargitse suke, kuma su ne ke ninke fiffiken sabon shiga. Guguwar da muke gani tana murɗa ƙura da ledoji a fili da tsakar rana ita ce mafi munin nau'inta, tana iya ɗaga mutumin da ke ɗaure da fiffike ta maka shi da ƙasa, saboda haka da zarar an hango ɗaya an gama tashi a wannan lokacin, kuma a kwance ƙugiyoyin da ke haɗa fiffike da kujera nan take. Da damina kuma hadari ne. Kowa a nan ya san yadda yake haɗowa daga gabas, da irin iskar da ke riga ruwa isowa tana yaye kwanon ɗaki, kuma tana iya isowa alhali gajimaren yana nesa. Gajimaren hadari yana kuma zuƙar abin da ke ƙarƙashinsa. A 2007 irinsa ya zuƙi wata ƙwararriyar matuƙiya mai suna Ewa Wisnierska a Ostireliya har tsawon mita 9,946, ta suma saboda sanyi da ƙarancin iskar shaƙa, kuma da ƙyar ta tsira. Da hunturu, iskar arewa maso gabas takan yi ƙarfi da hantsi, hazo kuma yana ɓoye wayoyin lantarki da filin sauka. Gyaran duk wannan shi ne tashin farko ya kasance da sassafe kafin ƙasa ta yi zafi, ko da la'asar sakaliya bayan ta huce, kuma malami ne ke yanke hukunci bayan ya tsaya ya kalli ƙyallen auna iska na tsawon lokaci.

Kuskuren zaɓen wuri yana biye da wannan. Tsayin dutse ba shi ne cancantarsa ba. Yawancin tsaunukanmu tulin manyan duwatsu ne masu santsi da ramuka, alhali abin da mai koyo ke buƙata shi ne gangare mai sauƙi, mai ciyawa, inda zai iya fasa gudu ya tsaya lafiya. Ba a tashi daga ɓangaren da iska ta ba wa baya, domin iskar da ta haura dutse tana murɗawa a bayansa kamar yadda ruwan kogi ke murɗawa a bayan dutsen da ya tare shi, kuma wani lokaci murɗawar takan yaudari mutum ya ji kamar iska na busowa ta gabansa. Filin sauka kuma sai an taka shi da ƙafa kafin a hau, a san inda wayar lantarki ta bi, da inda rijiya ko ramin ginin bulo yake, da kututturen dawa bayan girbi. Fiffiken koyo yana yin gaba kusan mita 8 a duk mita ɗaya da ya sauko idan iska a kwance take, amma mai hankali yana zaɓen filin da zai isa ko da ya sami rabin haka. Sannan akwai neman izini, wanda a halin tsaron da ake ciki ba abin wasa ba ne: a sanar da mai unguwa ko dagaci da masu gonaki, a sanar da jami'an tsaro, a nemi ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, kuma a nisanci kewayen filin jirgin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da na Gombe da ke Lawanti.

Akwai wani kuskure ƙarami a ido wanda ya kashe har ƙwararru, wato mantawa da ɗaure maɗaurin cinya. Yana faruwa ne idan mutum ya fara shiri aka katse shi da magana ko waya, ko ya kwance domin ya yi tafiya cikin sauƙi. Fiffike zai ɗaga kujera, mutum kuma ya sulluɓe ta ƙasa. Maganinsa bincike ne da ake yi da tsari ɗaya kowane lokaci, ana faɗa da baki ana taɓawa da hannu: maɗaurai da hular kwano, ƙugiyoyi da igiyoyi, shimfiɗar fiffike, iska, sannan sararin gaba. Idan wani ya katse ka, ka koma farko. Addu'ar tashi tana da muhimmanci, kuma koyarwar da muka gada ita ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. A cikin binciken har da mariƙin laimar ceto, wato laimar da ake jefawa idan fiffike ya gaza, wadda ake buɗewa a sake naɗe ta aƙalla sau ɗaya a shekara, da oba-obar da malami zai yi maka magana ta ciki. Sutura ma tana ciki: babbar riga da silifas ba na nan ba ne, ana buƙatar takalmi mai riƙe idon sawu, mace kuma ta cusa bakin hijabinta cikin riga domin kada ya shiga igiyoyi. Wanda bai yi barci ba, ko ƙishirwa ta galabaitar da shi, ya bari sai wata rana.

Wajen tashi, sababbi sukan yi tsalle ko su zauna da zarar sun ji fiffike ya fara ɗaukarsu, sai nauyinsu ya dawo da su ƙasa. Daidai shi ne a sunkuyar da ƙirji gaba, a ci gaba da gudu har ƙafafu su riƙa taka iska, kuma kada a gyara zama sai an yi nesa da gangaren. A sama, tsoro yana sa mutum ya ja birki biyu ƙasa yana neman abin riƙewa, wannan kuwa yana rage gudu har fiffike ya daina tashi ya faɗo ta baya. Hannu ya tsaya sama-sama, juyi ya zama a hankali, ido kuma ya kalli inda ake son zuwa, domin wanda ya ƙura wa bishiya ido ita zai nufa.

Sauka kullum ana fuskantar iska ne. Idan iskar kilomita 10 ce kuma ka fuskance ta, gudunka a ƙasa kusan 26 ne kafin ka ja birki, idan kuma ka ba ta baya ya zama 46. Ka miƙe daga kujera tun da sauran tsayi, ka guji juyi mai kaifi kusa da ƙasa, ka ja birki biyu gaba ɗaya idan ya rage kamar mita ɗaya ko biyu, kana shirye da gudu. Ja da wuri yana ɗaga mutum ya sake shi daga sama.

Kuskure na ƙarshe shi ne kunya, kuma na san ƙarfinta a wurinmu. Mutum ya biya kuɗi, abokai sun ɗaga wayoyi, yaran ƙauye sun biyo shi har kan tudu, sai ya ji nauyin ya ce ya fasa. Hanyar kauce mata ita ce a yanke tun a gida cewa kalmar malami ita ce ta ƙarshe, a rage 'yan rakiya, a bar ɗaukar hoto ga na ƙasa, kuma a sa wani babba ya tsare yara nesa da igiyoyi a wurin tashi da wurin sauka. A tanadi mota a gindin tudu, da wanda ya san hanyar asibiti mafi kusa, kuma kowa ya sani cewa wanda ya faɗi yana kukan baya ko wuya ba a ɗaga shi a zaunar ko a ɗora shi a babur, ana barinsa a kwance yadda yake har masu aikin lafiya su iso.