Kurakuran da ɗaliban kimiyyar muhalli suka fi yi, da yadda za a gyara su

Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, ƙanne da 'ya'yan maƙwabta kan zo gidanmu a nan Gombe neman shawara, don sun san muhalli na karanta. Tambayar da nake fara yi musu ita ce: wane muhallin? Daga nan ake fara kuskure. Tsangayar da ke ɗauke da sunan muhalli a jami'o'inmu yawanci gida ce ta masu zanen gine-gine, masu safiyo da masu tsara birane, kamar yadda yake a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ta Bauchi, kula da muhalli kuma sashe ɗaya ne a cikinta. Ga kuma lafiyar muhalli, wato aikin duba-gari, mai hukumar ba da lasisi tasa daban. Kafin ka zaɓa, karanta cikakken sunan kwas ɗin a kundin JAMB, sannan ka nemi ɗan aji uku ya nuna maka darussan da suke ɗauka.

Wasu kuma sun shigo ne don gudun kemistiri da lissafi, sai su tarar da su suna jira a bakin ƙofa. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ba da ido aka gano ta ba, sai da aka auna jini da ƙasa. Wanda ya haddace tambayoyin bara ya ci jarrabawa, ranar da aka miƙa masa sakamakon awo zai tsaya yana kallon lambobi. Ka riƙe ƙididdiga da kyau tun daga aji ɗaya, kuma duk ranar gwaji ka kama kayan da hannunka, kada ka tsaya a baya kana jiran kwafar rahoton wani.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne sakaci wurin ɗibar samfur, don ni ma na faɗa ciki. A shekarar ƙarshe na zaɓi auna ruwan rijiyoyi shida da ke kusa da wani juji. Na ɗauraye gorunan lemo, na cika su, na jefa a but ɗin mashin, na wuce ɗaurin aure. Sai washegari na kai ɗakin gwaje-gwaje. Dattijon da ke kula da wurin ya ɗaga gora ɗaya, ya juya ta, ya ga ko suna babu a jiki, ya ce, "Ɗana, wannan ya tashi daga ruwan rijiya, ya zama ruwan gora. Koma ka sake." Kuɗin mai da wahalar yini guda suka tafi a banza, kuma gaskiyarsa ce. Idan ƙwayoyin cuta za a duba, sai kwalbar da aka kashe wa ƙwayoyin cuta, a saka ta a kula mai ƙanƙara, a kai cikin 'yan awoyi. Idan ƙarafa ne irin su dalma, akwai asid ɗin da ake ɗigawa, ka tambayi ma'aikacin ɗakin tun kafin ka fita. Kowace kwalba a rubuta mata wuri da rana da lokaci, a ɗauki lambobin GPS da waya. Kuma awo ɗaya a watan Maris ba ya ba da labarin rijiya, sai ka dawo mata a Agusta, lokacin da ruwan sama ya wanko juji.

Sai zaɓen batun furojet. Ɗalibi zai rubuta "tasirin sauyin yanayi a Najeriya", ya kwaso rabin aikin daga intanet, alhali kwarin zaizayar ƙasa na cin katangar bayan gidansu. Me muka rasa a yankin nan? Ga madatsar Dadin Kowa da ta Gubi, ga siminti a Ashaka, ga kwal a Maiganga, ga man Kolmani da aka ƙaddamar da haƙarsa a Nuwamban 2022, ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Ɗauki abu ƙarami da ƙafarka za ta kai. Kafa turaku a bakin kwari ɗaya kafin damina, ka auna da tef, ka sake aunawa bayan ruwa ya ɗauke. Wannan ɗan awon naka ne, ba wanda zai kayar da kai a kansa ranar kare aiki. Masu zama ƙarƙashin bishiya su cike takardun tambayoyi ɗari da hannunsu kuwa, su ji tsoron Allah, da irin waɗannan alƙaluma ake yanke hukunci kan ruwan da mutane ke sha.

Taswira ma kada ka jira sai an koya maka a aji. Manhajar zana taswira ta QGIS kyauta ce, hotunan tauraron ɗan'adam na Landsat ma kyauta ne. Sa manhajar a kwamfuta tun aji biyu, ka fara da zana unguwarku.

Lokacin SIWES, wato watannin koyon aiki a ma'aikatu, da yawa kan nemi inda za a sa musu hannu a littafi kawai su koma gida. Watannin nan su ne ƙofar aiki. Nemi inda ake fita fili: hukumomin kare muhalli na Bauchi da Gombe (BASEPA da GOSEPA), hukumar ruwa, shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, ko kamfanin da ke rubuta rahoton tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wanda doka ta wajabta wa manyan ayyuka tun 1992. Ka roƙi a ba ka tsohon rahoto ɗaya ka karanta daga bango zuwa bango.

Idan kuma ka shiga ƙauye, kada ka wuce kai tsaye bakin rijiya da kwalabenka. Fara da ƙofar mai unguwa, ka tuɓe takalmi ka gaishe shi, ka yi bayani da Hausa, ko ka tafi da mai jin Fulatanci ko Tangale ko Tera. In sakamako ya fito, ka koma ka faɗa musu wace rijiya ce sai an tafasa ruwanta kafin a sha.