Yadda ake farfaɗo da famfon man jirgi na sha-da-kanka a ƙaramin filin jirgi

A ƙananan filayen jirgin sama, inda jiragen da ke sauka a yini ba su taka kara sun karya ba, sau da yawa babu ma'aikaci a bakin famfo. Matuƙi ne zai saka katin banki, ya jawo tiyo, ya sha mansa, ya tashi. Bai ga cikin tanki ba, amana ce kawai ya ba mai kula da wurin. Mota in ta sha gurɓataccen mai a gefen titi za ta tsaya, jirgi kuwa ba shi da wurin rakuɓewa a sama. Shi ya sa nake jin takaici in na ga an fara gyaran tsohon famfo da fenti, alhali ba a leƙa abin da ke kwance a gindin tanki ba.

Kafin ka ɗauki sifana, kashe wuta daga babban makunni, ka sa masa kwaɗo, makullin ya kwana a aljihunka. Rufe duk bawul, sannan a fitar da sanarwar matuƙa da ake kira NOTAM cewa babu mai a filin. Kada a kawo walda ko giranda kusa. Man avgas na ƙananan jirage yana fitar da tururi mai kamawa da wuta ko a tsananin sanyi, shi kuwa Jet A-1, man jirage masu injin jet, sai zafinsa ya kai wajen digiri 38 na ma'aunin Celsius. Shiga cikin tanki kuma aikin masu horo ne da kayan numfashi, ba na ƙarfin hali ba.

Daga tanki ake farawa, domin ruwa shi ne babban abokin gaba. Yana shiga ta murfin da robarsa ta mutu, yana kuma taruwa daga raɓar iskar da tanki ke shaƙa tsakanin zafin rana da sanyin dare. Da yake ya fi mai nauyi, ƙasa yake kwanciya. Buɗe magudanar gindin tanki da ƙarfi, ka tari man a farin bokiti mai tsabta, ka juya shi har ya yi gurbi a tsakiya. Datti zai taru a wurin, ruwa kuma za ka gan shi yana gangarawa a ƙasa kamar ƙwayar dutsen ado. Ɗebi wani a kwalba ka ɗaga wa haske. Avgas 100LL shuɗi ne garau, Jet A-1 kuwa fari ne ko ruwan kara. In ka ga hazo-hazo, akwai ruwa a gauraye. In ka ga wani baƙin yauƙi mai wari a tankin Jet, ƙwayoyin cuta ne da ke rayuwa a inda ruwa da mai suka haɗu, suna toshe matatar mai, wato filta, suna cin ƙarfe. Wannan ba ya fita da zubar da bokiti biyu, sai an kwashe man an wanke tankin.

Sai ka bi bututu da ido da hannu, daga tanki har famfo. Duk inda ka ga danshi ko ƙura ta manne, akwai yoyo. Wajen sauya bututu kada araha ta ruɗe ka: ƙarfen da aka shafa wa zinki, da jan ƙarfe, da tagulla, duk suna ɓata man jirgi. Ƙarfen da ba ya tsatsa ake so. Farin tef ɗin masu gyaran famfon ruwa ma a bar shi, yana yagewa ya bi mai.

Matatar mai ita ce zuciyar aikin. Buɗe gidanta, ka wanke, ka sa sabbin 'ya'yan ciki masu tace man da sabuwar roba, ka rubuta kwanan wata a jikin gidan. Ka tabbata irin wadda ta dace da man ce. Wadda ke raba ruwa da man Jet tana bin ƙa'idar EI 1581 ta cibiyar Energy Institute. Tsohuwar nan mai shanye ruwa ta EI 1583 an janye ƙa'idarta a ƙarshen 2020, saboda an gano sinadarin cikinta yana iya zarcewa cikin jirgi, don haka in ka tarar da ita, tambayi mai kawo maka mai abin da zai maye gurbinta. Akwai geji mai nuna bambancin matsi tsakanin shiga da fita, kuma sai mai na gudu ake karanta shi. Ya kai 15 psi a ma'aunin matsi, lokacin sauya 'ya'yan matatar ya yi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne gejin da ya saba hawa, sai rana ɗaya ya faɗi. Wasu murna suke yi, alhali alama ce ta matata ta fashe, mai na wucewa ba tacewa.

Tiyo yana da shekarar haihuwa a rubuce a jikinsa. Ya cika shekara 10 daga ranar ƙera shi, ya gama aiki ko da yana sheƙi. Warware shi duka, ka lanƙwasa shi taku-taku kana neman tsaga, kumburi ko wurin da ya yi laushi, musamman kusa da mahaɗa. Sabo kuma ya zama mai lambar EI 1529 ko ISO 1825, a cika shi da mai ya jiƙu aƙalla awa 8, a zubar, kafin ya taɓa jirgi. Kwance bakin tiyon ka ciro 'yar rariyar ciki. In ka ga baƙaƙen ɓarɓashi kamar garin gawayi, cikin tiyon ne ke zagwanyewa. Bakin avgas siriri ne zagayayye, na Jet mai faɗi kamar bakin agwagwa, an yi haka ne don kada ya shiga tankin jirgin fistan mai shan avgas. Kada a musanya su, kuma a cire duk maƙalar da ke riƙe hannun bakin tiyon a buɗe.

Wayar da matuƙi ke maƙala wa jirgi kafin ya sha mai ba ado ba ce. Gudun mai cikin tiyo yana tara wutar gogayya, tartsatsi ɗaya kuma ya isa. Auna wayar da mitar lantarki daga bakin maƙalar zuwa jikin famfo, kana warware ta a hankali. Kada ta wuce om 25, wato ma'aunin turjiyar waya ga wucewar wuta. Danna makunnin gaggawa mai na gudu, ka ga ya tsaya nan take. Na'urar kashe gobara ta zama mai hodar BC, domin ta ABC tana cin alminiyon jirgi.

Mitar lita a gwada ta da ma'aunin da hukumar awo ta amince da shi. Na'urar karɓar kati kuma a sauya mata robar ƙofa, a yi mata rumfa, rana da ruwan sama ne ke kashe ta. Yanzu ne fenti ya samu gurbi, tare da sunan mai da manyan baƙaƙe, da allon umarni, da lambar kiran gaggawa.

Bayan buɗewa, kowace safiya a zubar da gindin tanki da na matata, a karanta geji, a duba tiyo da waya, a rubuta a littafi da sa hannu. Duk wata a auna wayar, a wanke rariya. Ranar da tanka ta sauke mai, rufe famfon har ya kwanta: minti 45 ga kowace mita ta zurfin avgas, awa 3 ga kowace mita ta Jet. Sannan ka sake ɗaukar farin bokitinka kafin ka cire kwaɗon.