Yadda Za Ka Zaɓi Kayan Watsa Shiri Kai Tsaye Ka Shirya Su Idan Tafiya Ta Kama Ka

Abubuwa uku ne suka fi katse shirin kai tsaye a kan hanya: caji ya ƙare, sabis ya ɗauke, ko iska da hayaniya su cinye muryar mai magana. Kyamara, wadda yawancin mutane suka fi zuba wa kuɗi, ba kasafai take ba da matsala ba. Saboda haka idan kuɗinka ƙidayayyu ne, bi wannan tsari wajen sayayya, kuma kada ka ɗauki abin da ba za ka iya ɗauka kai kaɗai ba.

Mataki na 1: Fara da wayar da ke hannunka

Duk wayar zamani mai matsakaicin farashi tana ɗaukar hoton da ya isa Facebook, YouTube ko TikTok. Abin dubawa shi ne lafiyar batirinta da yadda take jure zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, alhali a bazara Sakkwato, Maiduguri ko Makka sukan haura 40. Wayar da ke ɗaukar hoto, tana tura shi, tana kuma kan caji a cikin rana, ba ta daɗewa sai ta rage haske ta fara sarƙewa. Cire mata riga kafin ka fara, ka rage hasken fuskarta, ka nemi inuwa.

Ka kuma tabbata shafinka ya cika sharuɗɗa tun kana gida. YouTube na neman mabiya aƙalla 50 kafin ya bari ka watsa daga waya, kuma karon farko da ka nemi a buɗe maka, jiran kan kai awa 24.

Mataki na 2: Murya

Mai kallo zai haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma da zarar ya kasa jin abin da kake faɗa sai ya wuce gaba. Nan ne kuɗinka na farko ya kamata ya tafi. Ƙananan makirufo marasa waya da ake maƙalawa a wuyan riga, irin su Rode Wireless GO, DJI Mic da Hollyland Lark, wasunsu suna zuwa da ɗan akwatin da ke yi musu caji, kuma saitin mai makirufo biyu ya fi amfani idan za ka yi hira da wani. Kafin ka biya, duba bakin da zai shiga wayarka. Tun daga iPhone 15 da ta fito a 2023 Apple ya koma USB-C, amma daga iPhone 5 zuwa 14 duk bakin Lightning ne.

A cikin kwalin za ka ga wani ɗan gashi mai kamar jelar zomo. Kada ka yar da shi, shi ne ke tare iska. A lokacin hunturu, ko a kan babur, ko a bakin teku, in babu shi ba abin da za a ji sai fuuu. Sannan ka jefa makirufo mai igiya, ko da mai araha irin Boya BY-M1, a ƙasan jaka. Marasa wayar suna aiki ne a kan zango ɗaya da Wi-Fi da Bluetooth, don haka a cikin cunkoson jama'a muryar takan riƙa yankewa. A irin wannan rana da tsohuwar zuma ake magani.

Mataki na 3: Intanet

Yawancinmu ƙarfin sauke abu muke dubawa, alhali mai watsa shiri ƙarfin turawa yake bukata. Buɗe Speedtest, manhajar auna saurin intanet, a daidai inda za ka tsaya, ka kalli lamba ta biyu, wato ta turawa. Hoto mai ingancin 720p yana cin kusan megabit 3 a daƙiƙa, don haka kana son ka ga ninkin hakan, 6 ko sama, domin sabis na hawa da sauka. Lissafin data kuma mai sauƙi ne: megabit 3 a daƙiƙa na cinye kusan gigabait 1.35 a awa guda. Idan ka ɗaga zuwa 1080p, data za ta kusan ninkawa, wayar ta ƙara zafi, kuma mai kallo a ƙaramar waya da wuya ya ga bambanci. Ni dai a kan hanya ban ga dalilin wuce 720p ba.

Riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban. A Najeriya, garin da MTN ke da ƙarfi wani lokaci Airtel ba ya ja, a gari na gaba kuma abin ya juya. Idan Nijar za ka shiga akwai Airtel, Moov da Zamani. A Saudiyya akwai STC, Mobily da Zain. Mai wayar da aka sayo ta hannu daga Amurka ko Ingila ya gwada ta da wani layi tun a gida, don wasu a kulle suke ga kamfani ɗaya.

Dabarar da ta fi ita ce ka raba aikin gida biyu. Sa layin a cikin MiFi, wato ƙaramar na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, ko wata tsohuwar waya, ita kuma wayar ɗaukar hoto ka sa ta a yanayin jirgi, ka kunna Wi-Fi kaɗai. Kira ba zai shigo ya katse ka ba, zafi kuma zai ragu. Amma ka sani gwajin da ka yi da safe ba hujja ba ce idan taro ne. Wanda ya auna sabis a Ƙofar Kudu ta fadar Kano da hantsi ya ga komai lafiya, idan la'asar ta yi aka fara Hawan Daushe, dubban wayoyi sun hau kan turke ɗaya, sai ya ga hotonsa ya daskare da dawakai a tsaye. Ka saita manhajar da kake watsa shirin da ita ta riƙa ajiye kwafi a cikin wayar, don ko shirin ya yanke ka samu abin ɗorawa daga baya.

Mataki na 4: Wuta

A nan ne dokokin jirgi suke shigowa, kuma a nan ake yawan asarar kaya. Fawabank da duk batirin da ba a jikin na'ura yake ba, a jakar hannu ake sa su, ba a jakar awo ba. Iyakar da aka yarda da ita ba tare da neman izini ba ita ce 100Wh (Wh shi ne ma'aunin yawan wutar da batiri ke riƙewa). Daga 100 zuwa 160 sai da amincewar kamfanin jirgi, kuma guda biyu kawai. Abin da ya wuce 160 ba ya hawa jirgin fasinja. Tunda kasuwa da wani ma'aunin, wato mAh, take sayarwa, ga yadda ake juya shi zuwa Wh: ninka lambar da 3.7, ka raba da 1,000. Mai 20,000mAh ya zama 74Wh, ya wuce lafiya. Mai 27,000 yana daf da iyaka. Mai 30,000 ya kai 111Wh, ya shiga sahun masu neman izini. Idan rubutun da ke jikinsa ya goge, jami'an filin jirgi suna iya karɓe shi tunda ba su da hanyar tantancewa, don haka manna wa rubutun salatif wanda ake iya karatu ta cikinsa tun yana sabo.

Dokokin sun ƙara tsauri bayan gobarar jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a Janairun 2025. Emirates ya hana amfani da fawabank a cikin jirgi daga 1 ga Oktoban 2025, sai dai ka riƙe shi a kashe. Masu zuwa sari Guangzhou kuma su lura: tun ƙarshen Yunin 2025, Sin ba ta barin fawabank marar tambarin ingancin kaya na ƙasar, wato CCC, ya hau jiragen cikin gida.

Biyu masu 20,000 sun fi ɗaya ƙato, domin ɗaya na aiki ɗaya na caji. Kada ka yi lissafi da lambar da ke jiki gaba ɗaya. Kusan kashi biyu cikin uku ne ke isa waya, sauran na tafiya a zafi da canjin wuta. Zaɓi mai alamar PD, wato mai saurin caji, mai ba da watt 20 zuwa sama, in ba haka ba sai ka ga waya na jone amma cajinta na raguwa.

Sai maganar soket. Najeriya, Ghana, Saudiyya da Ingila duk mai ƙafa uku masu kusurwa ne. A Nijar, Kamaru da Chadi masu ƙafa biyu zagayayyu za ka fi tararwa. Adafta ɗaya da caja mai baki uku ko huɗu sun wadatar.

Mataki na 5: Abin riƙe waya da haske

Ƙaramin sitand mai ƙafa uku da ke naɗewa ya zama sandar hannu ya isa. Gimbal, wato mariƙin da ke hana hoto girgiza, irin DJI Osmo Mobile, sai ga mai yin shiri yana tafiya, kuma shi ma wani bakin ne mai neman caji. Fitilar zobe ka bar ta a gida, ba ta jure jaka. Ƙaramar fitila mai girman tafin hannu ta fi. Jirgi marar matuƙi kuwa kada ka ɗauka sai ka san dokar inda za ka. A Najeriya ma sai da izinin hukuma, a Maroko kuwa tun a filin jirgi ake karɓe shi.

Mataki na 6: Shirya jaka

Jakar baya ɗaya, marar tambarin kamfanin kyamara da zai ja idon ɓarayi. Masu nauyi, wato fawabank da caja, su kwanta kusa da bayanka, amma a inda hannu zai kai da sauri, tunda a wurin bincike za a iya cewa ka fito da su. Raba sauran a ƙananan jakunkuna: ta murya daban, ta wuta daban, ta layuka da ɗan ƙarfen cire sim daban. Kowace igiya ka ɗauki biyu, domin igiya ta fi komai saurin mutuwa kuma ta fi komai araha. Naɗe su zagaye ka ɗaure da roba, kada ka lanƙwasa su a wuya. Kada fawabank ya kwana a aljihu ɗaya da makullai ko tsabar kuɗi.

Sa leda mai zif biyu ko uku saboda ruwan damina da ƙurar hunturu, da ɗan ƙyalle mai laushi na goge idon kyamara. Idan motar haya ce, jakar ta zauna a cinyarka, ba a but ba, inda zafi da buhunan kaya za su haɗu a kanta.

Mataki na 7: Gwaji kafin fita

Kwana ɗaya kafin tafiya, haɗa komai kamar yadda za ka yi a can, ka fita tsakar gida ka yi shiri na minti talatin da ba kowa zai gani ba. Facebook da YouTube duka suna da wannan zaɓi. Saurari muryar da iyafis, taɓa bayan wayar ka ji zafinta, ka duba kashi nawa batiri ya ci. Duk abin da ba ka taɓa ba a wannan gwaji, in ban da igiyoyin ajiya da makirufo mai igiya, cire shi daga jaka. Sannan ka sa komai a caji har ya cika, ka shimfiɗa su a kan tabarma ka ɗauki hotonsu, domin duk ranar da za ka bar masauki ka duba hoton ka ƙirga kayanka.