Yadda za ka yi nisa a jitar bes da littafi da bidiyo

Wannan bayani na wanda ya riga ya iya riƙe waƙa ne. Kana bin mai kibod a coci ko a wurin biki, ka san inda do da fa da so suke, amma ka lura an daɗe abu ɗaya kake maimaitawa. A nan Jos waɗanda suka ƙware a bes suna nan, sai dai samun zama da su ne wuya, domin daga Juma'a zuwa Lahadi suna wurin kiɗa. Shi ya sa yawancinmu muka koma ga littafi da YouTube. Ana yin nisa da su ƙwarai, muddin ka san aikin kowanne.

Littafi tsari yake ba ka, wannan darasi kafin wancan. Bidiyo kuwa hannu yake nuna maka, yadda yatsa ke sauka da yadda yake tashi. Abin da nake gaya wa yaran da ke zuwa wurina a Tudun Wada shi ne su ɗauki littafi ɗaya su bi shi daga bango zuwa bango, su nemi bidiyo ne kawai a kan shafin da suke kai. Wanda ya bar YouTube ya zaɓa masa darasi, yau salon wannan gobe na wancan, zai tara guntaye da yawa waɗanda ba sa haɗuwa su zama kiɗa.

Kafin komai, sayi iyafis mai kyau. Tsirkiyar E, mafi kauri cikin huɗun, tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa guda, ta B a jita mai tsirkiya biyar kuma kusan 31. Lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai zurfin nan, don haka rabin darasin ba ka jin sa. Ka sauke bidiyon a waya saboda data, ka rage gudunsa zuwa 0.75 ko 0.5. Amon ba zai sauya ba, hannun malamin ne kawai zai rage sauri.

Ga yadda nake bi da kowane darasi. Na ɗauki gaɓa huɗu kacal, wato ƙananan rukunan bugu da ake raba kiɗa da su, ba shafi guda ba. Kafin in taɓa jita sai na rera su da baki har sun zauna. In baki bai iya ba, yatsa kwaikwayo kawai yake yi, ranar da ka hau dandamali zai manta. Daga nan in kunna metronom, wato manhajar da ke ƙirga bugu, a kan bugu 60 a minti. Sai na kaɗa sau da yawa a jere babu tuntuɓe sannan in ƙara huɗu ko biyar. Idan abin ya zauna, in raba gudun biyu, in ɗauki ƙarar metronom a matsayin bugu na biyu da na huɗu kaɗai. Nan ne za ka gane ko kai ke riƙe lokaci ko na'ura ce ke riƙe ka. Ka ɗauki kanka a waya ka saurara washegari, domin lokacin da kake kaɗawa kunne yana yi maka sassauci.

Sai mataki mafi muhimmanci, wanda aka fi tsallakewa: kai gaɓoɓin nan huɗu cikin ki goma sha biyu duka, wato ka sauya amon da do yake zama a kai har ka zagaye su. A nan mu da muka tashi da do-re-mi muna da riba babba. Rubuta layin da solfa a gefen shafin, sai ya daina zama na wuri ɗaya a wuyan jita. Duk wanda ya taɓa kiɗa a bayan mawaƙa ya san jagorar waƙa tana iya ɗaukar ki ɗin da ba a yi gwaji da shi ba, kuma ba za ta jira ka ba.

Game da karatu, tab, wato rubutun lambobi a kan zanen tsirkiyoyi, yana gaya maka inda za ka sa yatsa, amma sau da yawa ba ya faɗin tsawon amon. Littattafan da suka yi zurfi da rubutun kiɗa na ainihi suke zuwa. Layuka biyar da ake rubuta amon bes a kansu, daga ƙasa, su ne G, B, D, F, A. Minti goma sha biyar kullum ya isa, kada ka ji tsoronsa.

Akwai abin da kyamara ba ta cika nunawa ba, wato kashe tsirkiyar da ba ka kaɗawa. Ƙwararre yana amfani da babban yatsan dama da sauran yatsun hagu yana danne su. Tsayar da bidiyon ka duba yatsun da ba sa motsi, su ne ke tsabtace amon.

Kowane yaro silaf, wato salon bugun tsirkiya da babban yatsa, yake so ya fara koya, kuma ban hana ba, amma ka san asalinsa. Larry Graham, makaɗin bes ɗan Amurka, ya ƙirƙiro shi ne lokacin da yake kiɗa da mahaifiyarsa babu mai ganga, yana buga tsirkiya da babban yatsa a madadin babbar ganga, yana fizgo ta da manuni a madadin ƙarama. Ke nan aikin ganga ne, sai ka koye shi da kunnen mai ganga. James Jamerson, makaɗin bes na kamfanin faifai na Motown a Amurka, da yatsa ɗaya yake kaɗawa, marigayi Dan Maraya Jos kuma da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe taro shekara da shekaru. A wurina, sanin amo na ɗaya, na uku, na biyar da na bakwai na kowane kod, wato amon da ake haɗawa su tashi tare, da yadda za ka taka zuwa kod na gaba, ya fi silaf amfani nesa ba kusa ba.

Yawancin littattafan daga Amurka suke, jaz da fonk da bulus suka cika su. Makosa, sukus, hailaif da afrobit da ake nema a bukukuwanmu, da kunne za ka ciro su daga faifai. Saurari Richard Bona ɗan Kamaru, ka ji yadda yake rera abin da yake kaɗawa.

Sanyin hunturun Jos a Disamba da Janairu yana sandarar da yatsu. Ɗumama hannu tukuna, a ƙasan wuyan jita inda tazara ke da faɗi kuma yi amfani da manuni, na tsakiya da ƙarami maimakon miƙe huɗun da ƙarfi. Wuyan hannu ya fara ciwo, ka ajiye. Busasshiyar iskar tana motsa katakon wuyan jitar ma, sai ka ji tsirkiya na gogar ƙarfe. Ajiye ta cikin jaka, kuma in ba ka taɓa juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ba, kai wa wanda ya iya.

Duk layin da ka gama, kai shi wurin mai gangarku. Roƙe shi ya zo minti ashirin kafin sauran su iso gwaji, ku biyu kawai, ya riƙe bugu ɗaya kai kana bin ƙafarsa ta dama mai buga babbar ganga. In layin ya ƙi zama da gangarsa, rage amo ɗaya ko biyu daga ciki ku sake gwadawa, sannan ka buɗe shafi na gaba.